Tarihin Motocin BRT a Legas: Daga Mile 12 Zuwa Abule Egba

Yaranmu da aka haifa a Agege da Idi-Araba bayan 2008 ba su san molue ba, bari mu tuna musu. Doguwar mota ce mai ruwan ɗorawa, ana cusa mutane kamar buhunan albasa, na tsaye sun fi na zaune, ga mai tallan magani, ga 'yan sane. Wanda zai tashi daga kasuwar Mile 12 zuwa cikin Ikko ya san rabin safiyarsa ta tafi a gosulon titin Ikorodu.

A 2002 gwamnatin Tinubu ta kafa hukumar sufuri ta LAMATA, sannan ranar 17 ga Maris, 2008, zamanin Fashola, aka buɗe layin BRT na farko daga Mile 12 zuwa CMS, kimanin kilomita 22. Dabarar daga Kuritiba ta Burazil ta samo asali a 1974: a ware wa bas hanyarta ita kaɗai. Legas ce ta fara kawo ta Afirka kudu da Sahara.

Abin da ya burge mu a farko a bayyane yake. Kana zaune kana wuce danfo da suka maƙale. Kuɗin mota tsayayye ne, kwandasta ba zai ninka maka don hadari ya haɗo ba. An hana talla da wa'azi a ciki. Har bin layi mutanen Ikko suka koya, abin da da yawa suka rantse ba za a taɓa gani ba.

A 2015 aka miƙa layin zuwa Ikorodu da sababbin motoci masu na'urar sanyi. A 2020 aka buɗe na Oshodi zuwa Abule Egba, wanda ya fi amfanar mutanenmu na Agege, aka kuma shigo da katin Cowry a madadin tikitin takarda. A Oktoban shekarar aka ƙone motoci da dama a rikicin EndSARS.

Yau kukan fasinja ya sauya. Ba a cika ƙorafi kan gudun tafiya ba, jira ne ke cin rai. Lokacin da ka tsira da shi a hanya ka riga ka zubar da shi a tasha, kana tsaye cikin rana, motar da ta zo kuma a cike, na'urar sanyi ta mutu. A ganinmu laifin ƙarancin motoci ne da rashin gyara, don hanyar tana nan. Kisan wata budurwa da ta shiga BRT da dare a Fabrairun 2022 ya sa iyaye mata fargaba, har yanzu wasu ba sa barin 'ya'yansu su hau bayan isha'i.

Su kuwa 'yan gwarinmu na Mile 12, tun ranar farko BRT ba ta ɗaukar kwandon tumatir. Mai kaya har gobe danfo yake nema.