Tsakanin Gyangyaɗi da Barci: Yadda Aka Koyi Gadin Numfashin Majiyyaci

Ba kowane aikin asibiti ne ke buƙatar a gusar da hankalin mutum baki ɗaya ba. Ɗinkin babban rauni, mayar da gaɓar da ta goce, wanke ƙuna, wankin ciki bayan ɓari, ko zura bututu mai kyamara don leƙa hanji, duk ana iya yin su majiyyaci yana cikin wani hali na tsaka-tsaki. Jikinsa ya saki, tsoro ya gushe, amma in an kira sunansa zai amsa, kuma da kansa yake numfashi. Mutumin Lafani da aka kai babban asibitin Illela, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko ya ƙetare ta Ƙonni zuwa asibitin Galmi da aka buɗe tun 1950, yana iya haɗuwa da wannan allurar gyangyaɗi. Mutane kan raina ta saboda ba ta kai "allurar tiyata" ba. Likitoci ma sun daɗe suna raina ta.

A 1986 kamfanin Roche ya fara sayar da maganin midazolam a Amurka da sunan Versed. Likitoci sun saba da ɗan'uwansa diazepam, sai suka riƙa ba da sabon da irin hannun da suka saba, alhali ya fi tsohon ƙarfi nesa ba kusa ba. Cikin shekara biyu aka samu rahoton mutuwar gomman mutane, da yawansu tsofaffi ne da suka je leƙa ciki kawai. Yadda abin ke faruwa ba shi da hayaniya. Maganin kan rage saurin numfashi, musamman in an haɗa shi da dangin mofin, harshe ya koma baya ya toshe maƙogwaro. Likita kuwa idonsa na kan aikin da ke gabansa, ɗakin ma an rage masa haske. Shirun majiyyaci sai a ɗauka natsuwa ce. A 1987 aka rage ƙa'idar yawan maganin tare da gargaɗi mai ƙarfi a jikin takardarsa, a 1988 kuma wani kwamitin majalisar dokokin ƙasar ya zauna a kan batun.

Daga irin waɗannan asarori ƙa'idojin yau suka fito. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da nata a 1985, ta likitocin sa barci ta bi baya a 1996 da jagora ga waɗanda ba ƙwararru ba ne a fannin. A 1999 ta bayyana cewa gyangyaɗi da barci mai nauyi gangara ɗaya ce wadda ba katanga a tsakiyarta, kuma ba a iya sanin tun farko inda mutum zai tsaya. Saboda haka wanda ya ba da maganin dole ya iya ceto wanda ya zarce. Dole kuma a ware mutum guda, ban da mai yin aikin, wanda zai sa ido a kan majiyyaci, yana yi masa magana, yana duban ƙirjinsa. A ganina wannan sharaɗi na biyu ya fi kowace na'ura daraja, kuma shi ya fi saurin faɗuwa a asibitin da nas ɗaya ke riƙe da ɗaki guda cikin dare.

Na'urar ma tana da nata labari. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, shi ya gano a farkon shekarun 1970 cewa ana iya auna iskar oksijin da ke cikin jini ta hanyar haska fata da bin bugun jijiya. Daga nan aka sami ɗan abin nan da ake maƙala wa a yatsa. Kafinsa, likita kan jira ne ya ga leɓe ya sauya launi, alamar da ke zuwa a makare, kuma da ƙyar ake ganinta a baƙar fata. Amma wani ƙiyasi na 2010 ya nuna ɗakunan tiyata sama da 77,000 a duniya ba su da na'urar, lamarin ya fi tsanani a Afirka kudu da Sahara. Shi ya sa aka kafa ƙungiyar Lifebox a 2011 don rarraba mai araha. Sai kuma a 2020 wani bincike na Jami'ar Michigan ya gano cewa na'urar kan ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙar fata kusan ninki uku na yadda take yi ga fararen fata. Ke nan lamba mai kyau a fuskar na'ura ba ta ɗauke wa mai gadi duban ƙirji ba.

A ƙasar Hausa maganin da ya fi ɗaukar nauyin wannan aiki shi ne ketamin, wanda aka haɗa a 1962, aka amince da shi a Amurka a 1970. Yana da araha, ana iya yin allurarsa a tsoka, ba ya buƙatar lantarki, kuma galibi ba ya danne numfashi da bugun jini. Shi ya sa da Sin ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsaurara dokar fataucinsa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙi goyon baya, a 2015 aka jingine maganar. Sai dai sauƙinsa kan jawo sakaci. Yana sa yawu ya yawaita, wani lokaci maƙogwaro ya shaƙe, ga mugayen mafarkai lokacin farfaɗowa. Don maganin mafarkan akan haɗa shi da diazepam, wanda shi kuma ke danne numfashi.

Wurin da darasin ya fi fitowa fili shi ne Asibitin Yara na Noma da ke Sakkwato, wanda aka kafa a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa masa tun 2014. Cutar noma kan cinye kumatu da leɓe, in ta warke tabon ya ɗaure muƙamuƙi har baki ya kasa buɗuwa. Irin wannan majiyyaci in numfashinsa ya tsaya, hanyar ceto ta baki a rufe take. Don haka dabarar da aka sani ita ce a bi ta hanci da siririn bututu mai haske, majiyyaci yana ci gaba da numfashi da kansa, sai an tabbatar da hanyar iska sannan a zurfafa barcin.

Tambayoyin da nas kan yi kafin allura daga wannan tarihi suka samo asali: yaushe ka ci abinci, kana minshari, wane magani kake sha? Cikin da ke ɗauke da fura na iya dawo da ita ta faɗa huhu, shi ya sa ake so a yi sa'a shida ba a ci ba, sa'a biyu ba a sha ruwa ba. Wanda kuma ya saba da tiramol ko kodin ya ɓoye don kunya, ya bar mai allura yana awo cikin duhu. Bayan an gama aiki ma akan tsare majiyyaci ɗan lokaci, domin zafin da ke tashinsa ya wuce, maganin kuwa yana nan a jini.