Jan Ruwan Sama: Daga Ƙurar Bodele zuwa Kerala

Manomin Damagaram Takaya ba ya buƙatar a gaya masa cewa ruwan sama yakan zo da launi. Idan bazara ta yi nisa, jan hadari ya taso daga gabas, ruwan farko yakan sauko da laka, ya gurɓata randa, ya ɓata tufafin da aka shanya. A Turai kuwa, inda ƙurar Sahara ke isa jefi-jefi, tun zamanin Rumawa ana kiran irinsa ruwan jini, ana ɗaukarsa alamar yaƙi ko annoba.

A shekarar 1832 Charles Darwin ya tara ƙurar da ta sauka a jirgin ruwan Beagle kusa da tsibiran Kef Bad. Daga baya ya aika wa Christian Ehrenberg, masanin Barlin, ƙulli biyar na irin wannan ƙura. Da Ehrenberg ya duba su da madubin ƙara girma, sai ya sami ɓawon ƙananan halittu da ɓurɓushin tsirrai har iri 67, kuma kusan duk halittun na ruwan daɗi ne, ba na teku ba. Ehrenberg ya karkata ga cewa daga Kudancin Amurka suka zo. Darwin ya dubi inda iska ke fitowa, ya ce Afirka. Shi ya fi kusa da gaskiya.

To, me ya kai halittun tafki cikin hamada? Yanzu an san cewa kwarin Bodele na arewacin Cadi gindin wani ƙaton tafki ne da ya ƙafe, wanda Tafkin Cadi na yau ragowarsa ne kawai. Ƙasar wurin cike take da ɓawon ƙananan gansakuka. Iskar da ke matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi tana kwasarta, ta bi da ita ta kan Damagaram da Kano. Ke nan cikin hazon hunturu da ke rufe birnin Sarki Tanimun akwai gawarwakin mazaunan tsohon tafki.

Gardamar ta sake tashi a Indiya. Daga Yuli zuwa Satumba na 2001 an yi ta jan ruwa a jihar Kerala, cike da ƙwayoyi masu kama da na jini. A 2006 Godfrey Louis da Santhosh Kumar suka wallafa cewa wataƙila daga tauraro mai wutsiya suka zubo, wato rai daga wajen duniya. Labarin ya yi wa jaridu daɗi, amma hujjar ba ta tsaya ba. Tun a 2001 masanan gwamnatin Indiya sun shuka ƙwayoyin, sun ga cewa irin wata gansakuka ce mai suna Trentepohlia, wadda ke like a jikin itatuwan yankin. Binciken sinadarin gado na DNA a 2015 ya ƙarfafa haka.

Abin da ya fi amfani ga masu neman rai a duniyar Mirrihi ya fito ne daga ma'ajiyar Ehrenberg a Barlin. A 2007 Anna Gorbushina da abokan aikinta suka ba da rahoton cewa sun jiƙa ƙurar da aka tara a tekun Atlantika tun ƙarni na 19, sai wasu ƙwayoyin bakteriya da na fumfuna suka farfaɗo, bayan sun shekara fiye da 150 a bushe.