Wa Ya Auna Mai Awo?

Ɗalibanmu kan dawo daga jami'a a ruɗe, sun karanta cewa addini ba kome ba ne illa al'umma tana bauta wa kanta. Kafin mu firgita, mu duba inda maganar ta fito.

Emile Durkheim ne ya kafa ta a Faransa, cikin littafinsa na 1912 a kan tushen addini. Ɗan malamin Yahudawa ne, amma ya bar bangaskiyar gidansu. Ya gina hujjarsa a kan mutanen Arunta na Ostireliya, alhali bai taɓa taka ƙasar ba. Rahoton Spencer da Gillen ya karanta. Ya fahimci yadda ibada take haɗa kan jama'a, wannan kuwa kowane fasto ya shaida. Amma batun ko akwai wanda ake bauta wa, ya riga ya yanke hukunci kafin ya fara bincike.

A 1965 Evans-Pritchard na Okusfod, wanda ya zauna cikin kabilar Nuer a kudancin Sudan, ya tona wannan asiri. A ganinsa, yawancin manyan masanan nan marasa bi ne, suna neman makamin yaƙar Kiristanci a cikin addinin mutanen da ba su sani ba. Mukan ji daɗin wannan magana, har mu manta cewa shi ma ya shiga ɗariƙar Katolika a 1944.

Okot p'Bitek na Yuganda bai manta ba. Wajen 1970 ya juyo da zargin kanmu. Ya ce masana Kirista, Turawa da 'yan Afirka irin su John Mbiti da Bolaji Idowu, suna sa wa allolin Afirka rigar falsafar Helenawa don su yi kama da Allah na Littafi Mai Tsarki. Ya yi zafin baki, kuma shi ma ba ɗan ba-ruwanmu ba ne, gama ya juya wa ikilisiya baya. Duk da haka misalinsa yana da ciwo. Ya ce masu mishan sun matsa wa dattawan Acholi da tambaya, wa ya siffata su? Dattawan suka gaji, suka ambaci Rubanga, iskan da suka ɗauka shi ke karya bayan mutum ya yi doro. Da wannan suna Kiristocin Acholi suke kiran Allah har yau.