Cinikin Jarirai a Memphis da Gyaran Dokar Riƙon Yara a Amurka, 1924-1999

1.0 Gabatarwa

A al'adar Bahaushe, idan mace ta karɓi ɗan 'yar'uwarta riƙo, ba a canza masa uba, ba a ɓoye masa asali, dangi kuwa suna sa ido. A Amurka ba haka abin yake ba, domin kotu takan yanke dangantakar yaro da mahaifansa, ta mai da shi ɗan mai riƙo ta fuskar suna da gado, watau abin da malamai suke kira tabanni. Tun da yake hukuncin ba ya warwaruwa cikin sauƙi, duk wanda yake tsakanin mahaifa da masu riƙo ya riƙe amana babba. Wannan maƙala za ta dubi yadda aka ci wannan amana a birnin Memphis na Jihar Tennessee, da irin gyaran da ya biyo baya.

2.0 Dokokin Farko

Jihar Massachusetts ce ta fara kafa dokar zamani a 1851, wadda ta ɗora wa alƙali nauyin tabbatar da cewa masu neman riƙo sun cancanta. A 1917 Jihar Minnesota ta ƙara sharaɗin binciken gidan mai riƙo kafin a yanke hukunci, ta kuma hana kowa da kowa duba takardun shari'ar. Sai dai kowace jiha da tata doka, saboda haka da zarar an ƙetare iyaka da yaro, ba wata hukuma da take bin sawunsa. Ta wannan kafa ce ɓarna ta shigo.

3.0 Georgia Tann da Gidanta

Daga 1924 zuwa 1950 Georgia Tann ce take shugabancin reshen Memphis na Ƙungiyar Gidan Yara ta Tennessee. An ƙiyasta cewa yara wajen 5,000 suka bi ta hannunta. Akan sa matalauciyar da ta haihu ta sa hannu a takarda tun magagin magani bai sake ta ba, ko a ce mata jaririn ya rasu, ko kuwa a karɓi yara da sunan za a kula da su na ɗan lokaci, uwa ta dawo ta tarar an yi gaba da su. Kuɗin riƙo a cikin jihar wajen dala 7 ne, amma attajiran New York da California sukan biya ɗaruruwan daloli, mafi yawa kuwa aljihun Tann yake shiga. Daɗin daɗawa, akan canza suna da ranar haihuwa a takarda don kada a gano asali. Jarirai da dama kuma sun mutu a gidan saboda rashin kulawa.

Abin tambaya shi ne, ina masu sa ido? Amsar ita ce, su ne abokan aikin. Camille Kelley, alƙaliyar kotun yara ta gundumar Shelby, ita ce take raba iyaye da 'ya'yansu ta miƙa wa gidan, shi kuwa E. H. Crump, uban siyasar Memphis, inuwarsa ta rufe Tann. Ko da ƙungiyar kula da walwalar yara ta ƙasa ta kori gidan daga cikinta a 1941, ciniki bai tsaya ba.

4.0 Bincike da Gyara

Asiri bai tonu ba sai da siyasa ta juya. Gordon Browning, abokin hamayyar Crump, ya ci zaɓen gwamna a 1948, ya kuma naɗa lauya Robert Taylor ya yi bincike. An bayyana zargin a Satumba 1950, kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 15 ga watan, Tann ta rasu da ciwon daji. Kelley ta yi murabus, aka rufe gidan, amma ba wanda aka hukunta, yawancin yaran kuwa ba su koma ga mahaifansu ba.

A 1951 majalisar jihar ta tsaurara dokar riƙo, amma ta rufe takardun, sai ya zamana waɗanda aka sace ba su da hanyar gano danginsu. A 1955 kwamitin Sanata Estes Kefauver ya saurari bahasi a kan cinikin jarirai tsakanin jihohi, a 1960 kuma New York ta fara shiga yarjejeniyar da ta hana kai yaro wata jiha sai da amincewar hukumar can. Tennessee ba ta buɗe takardunta ga 'yan riƙo masu shekara 21 zuwa sama ba sai da dokar 1995, wadda Kotun Ƙolin jihar ta tabbatar a 1999.

5.0 Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa doka ba ta tsare yaro muddin mai karɓar kuɗi da mai bincike da mai hukunci bakinsu ɗaya. Ya kuma nuna cewa sirrin da aka ce don rufin asirin yaro aka yi shi yana iya zama mafakar wanda ya zalunce shi. Da yawa daga cikin iyayen Memphis sun rasu kafin 1999, ba su sake ganin 'ya'yansu ba.