2.3 Taƙaitaccen Tarihin Ciyar da Jariran Mata Masu Ɗauke da Cutar Ƙanjamau

A wannan sashe za a waiwayi yadda shawarar masana ta riƙa sauyawa dangane da abincin jaririn da uwarsa ke ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. A shekarar 1985 ne aka fara samun rahoto daga ƙasar Ostareliya cewa jariri na iya kamuwa da cutar ta hanyar shan nono. Tsoron haka ya sa ƙasashe irin su Botsuwana suka shiga raba madarar gwangwani kyauta. Sai dai a 2006, bayan ruwan sama mai yawa ya gurɓata ruwan sha a ƙasar, gudawa ta hallaka ɗaruruwan yara, akasarinsu waɗanda ba sa shan nono. Wato dai an gudu ba a tsira ba. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar uwa ta riƙa shan magani, ta shayar da nono zalla na wata 6, sannan ta haɗa da abinci har wata 12. A 2016 aka ce tana iya kaiwa wata 24 ko fiye. Bisa wannan, kula da magani da cimar uwa shi ne ginshiƙin ciyar da jaririn.