Tashar Kano a kan tebur

Waɗanda ke karatu a Jami'ar Mancesta sun san tsohuwar harabar nan da ke bakin Oxford Road, inda ake ɗaukar hoto ranar yaye ɗalibai. A cikinta akwai wani gini da ake kira Beyer Building. Kullum muna wuce shi, amma da wuya ka ji wani ya tambayi wane ne Beyer ɗin. To, Charles Beyer Bajamushe ne da ya zo Mancesta yana saurayi, ya haɗa kai da Richard Peacock a 1854 suka kafa masana'antar ƙera kan jirgin ƙasa a Gorton. Da ya rasu a 1876 ya bar wa Owens College, wadda ta zama jami'ar nan, dukiya mai yawan gaske. Kamfaninsa kuwa ya ci gaba har 1966, kuma cikin abin da ya ƙera akwai kawunan jirgin da suka yi aiki a reluwen Najeriya zamanin kakanninmu.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne wata sha'awa ta Turawan ƙasar nan da yawancinmu muke yi wa dariya: ƙananan jiragen ƙasa na kan tebur. Ka san irinsu, dattijo mai furfura ya cika ɗakin sama da dogo da tasha da 'yan tumakin roba. Ba ƙaramin abu ba ne a wajensu. Frank Hornby na Libaful ya fara sayar da jiragen wani a 1920, aka fito da Hornby Dublo a 1938. Ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Mancesta tun 1925 take. 'Yan Bamingham kuma za su tuna babban baje kolin da ƙungiyar Warley ta riƙa shiryawa a NEC duk shekara, har aka yi na ƙarshe a 2023. A irin waɗannan wurare za ka ga ƙauyen Ingila iri-iri, ka ga duwatsun Suwizalan, ka ga hamadar Amurka. Shiga kanti ka ce a ba ka tashar Kano ko ta Zariya, sai mai kanti ya kalle ka.

To, a ce mu ne za mu gina ta. Me za mu sa a kan teburin?

Matsalar farko tun daga dogo take. Layin Ingila faɗinsa ƙafa 4 da inci 8 da rabi, wato milimita 1,435. Na Najeriya da Turawa suka shimfiɗa ƙafa 3 ne da inci 6, milimita 1,067, don ya fi araha kuma ya fi saurin ginuwa. Jiragen OO da ake sayarwa a nan an rage su sau 76, suna tafiya kan dogo mai milimita 16.5. In ka rage dogon Kano sau 76 sai ya ba ka milimita 14, wanda ba kowane kanti za ka same shi ba. Dabarar da masu gina layin New Zealand suka daɗe suna yi (su ma faɗin nasu kamar namu ne) ita ce su rage komai sau 64, sai dogon milimita 16.5 ya zo kusan daidai. Ka ga tun ba ka sayi komai ba, tsumulmular gwamnatin mulkin mallaka ta riga ta shigo maka ɗaki.

Sai tambaya ta biyu: don me aka gina layin ma? Amsar tana nan garin. A farkon ƙarni na 20 masaƙun Lancashire sun fi dogara ne da audugar Amurka, kuma ba su manta wahalar da suka sha ba lokacin yaƙin basasar Amurka a shekarun 1860, da auduga ta yanke. A 1902 aka kafa British Cotton Growing Association a Mancesta don nemo auduga a cikin daular Ingila. A 1903 sojojin Lugard suka ci Kano da Sakkwato. Su attajiran nan sun karanta labarin matafiya irin su Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851 ya ga saƙa da rini da turkuɗin da ake kaiwa har gaba da Sahara. Har Mancestar Afirka wasu Turawa suke ce wa Kano. Lissafinsu mai sauƙi ne: ƙasar da ke noma auduga haka, in aka kai mata dogo, audugar za ta gangaro teku ta zo Lancashire, a saƙa, a mayar musu su saya. Winston Churchill, wanda a lokacin ɗan majalisa ne mai wakiltar wani yanki na Mancesta kuma ƙaramin ministan ƙasashen mulkin mallaka, ya goyi bayan aikin. A 1907 aka amince, aka turo Percy Girouard, injiniyan reluwe ɗan Kanada, ya zama shugaban gwamnatin Arewa. Aka fara daga Baro a bakin Kwara, aka bi ta Minna da Kaduna da Zariya, mil 350 da 'yan kai. Dogo ya iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas, a 1912 kuma aka buɗe hanya har Legas, ko da yake a Jebba sai an tsallakar da tarago a jirgin ruwa kafin a gama gada a 1916.

Su wa suka haƙa ƙasar? Nan ne hoton ya daina kyau. Ba injin ya yi aikin ba, kai da kwando ne. Joji ya aika wa sarki, sarki ya aika wa hakimi, hakimi ya aika wa dagaci, a kawo mutum kaza. Talakawan Nupe da Gbagyi da Zazzau da Kano aka riƙa ɗebowa daga gonakinsu. Ana biyansu da kuɗin Bature, kuma da gangan ne, don da wannan kuɗin ake so su biya haraji. Amma biya bai sa ya zama aikin ganin dama ba, masana tarihi aikin tilas suke ce masa. Wanda zai gina layin a shekarar 1910, abin da zai fi saye ba kan jirgi ba ne, 'yan mutane ne ɗaruruwa ɗauke da kwanduna, da dogari a tsaye.

Yanzu ga inda labarin ya fi daɗi. Jirgi ya zo, an kafa injin gurzar auduga a Zariya, Mancesta ta shimfiɗa tabarma tana jira. Manomin Kano ya duba ya ce a'a. Ba taurin kai ba ne, lissafi ne. Masaƙan gida sun fi Bature sayen auduga da daraja, to don me zai kai wa Bature? Gefe guda kuma a Turai an gano yadda ake daskarar da man tsirrai a yi man shafa wa burodi da shi, sai kuɗin gyaɗa ya tashi. Gyaɗa tana son jigawar Kano, ana shuka ta tsakanin gero da dawa, harawarta abincin dabba ce, kuma in shekara ta ɓaci ana iya cin ta. Auduga fa? Ba a tuwo da ita. Su kuma fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka saba da hanyar Gwanja shekara da shekaru, suna da jari, suna da yara a kowane ƙauye. Suka shiga ba manoma bashi da gishiri da tufafi, a biya da gyaɗa in kaka ta yi. A 1912 gyaɗar da Najeriya ta fitar ba ta wuce tan 2,500 da kaɗan ba. A 1913 ta haura tan 19,000. Reluwe ta rasa taragon da za ta kwashe, buhuna suka taru jibgi a bakin tasha. Masanin tattalin arziki Jan Hogendorn ya rubuta littafi guda a kan wannan a 1978, yana ɗakin karatu, ku nema.

Ni a ganina wannan ne ya kamata ya zama zuciyar teburin. Mun saba jin labarin mulkin mallaka kamar Bature ya tsara, mu kuma aka yi mana. An yi mana ɗin, ba musu. Amma layin da aka gina don auduga, gyaɗa ya ƙare yana ɗauka, kuma mutanen da suka yanke wannan shawara ba su taɓa ganin Oxford Road ba. Kada kuma mu wuce gona da iri: kamfanonin Turawa ne ke sa farashi a ƙarshe, su ke da jiragen ruwa, riba mai tsoka can ta tafi. Auduga ma daga baya ta samu gindin zama a kudancin Katsina da Zazzau, wajen Funtuwa. Sai dai Kano ba ta zama gonar Lancashire ba.

Daga cikin fataken nan ne Alhassan Ɗantata ya fito, mutumin Bebeji, wanda ya yi fataucin goro kafin ya zama babban mai saya wa kamfanin Neja gyaɗa, kuma sunansa ne ake haɗawa da dalar gyaɗa. Dalar nan da muke gani a hoton falon iyayenmu muna alfahari, gaskiya rabinta alamar arziki ce, rabinta alamar gazawa. Ana jera buhu haka ne saboda jirgi ba ya iya kwashewa da wuri. Layi ɗaya ne tak, mil 700 zuwa Legas, tarago bai isa ba. Bayan yaƙin duniya na biyu gyaɗar wata kakar takan tarar da ta bara ba ta tafi ba. Wani abin dariya ga mai gini: in ka rage buhun gyaɗa sau 64, girmansa bai fi ƙwayar gyaɗa ɗaya ba. Ka saya a Rusholme, ka jera da gam, ka shafa fenti ruwan ƙasa. Sai dai ka yi hattara da ɓera.

Kan jirgin fa? A ce mun zaɓi 1955, shekarar da aka kafa hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya, kuma shekarar da Ɗantata ya rasu. Akwai masu suna River, waɗanda aka sa wa sunayen koguna, da Vulcan Foundry ta Newton-le-Willows, tsakanin Mancesta da Libaful, ta ƙera daga 1948. Akwai kuma na Gorton, wato Garratt, wanda in ka gan shi sau ɗaya ba ka mantawa. Tukunyar tururi tana rataye a tsakiya, injin guda a gaba ɗauke da tankin ruwa, wani a baya ɗauke da kwal, kowanne yana juyawa da kansa. Amfanin haka, nauyi ya rarrabu kan ƙafafu da yawa, sai babban kai ya iya bin siririn dogo da kwana mai tsanani. Mai ƙirƙirarsa, Herbert Garratt, ya taɓa aiki a reluwen Legas kafin ya yi rajistar dabararsa a 1907. Najeriya ta fara karɓar nata a 1930, wasu suka biyo baya daga 1935. Gidan tarihin kimiyya da masana'antu da ke Liverpool Road, a tsohuwar tashar 1830, yana da wani ƙaton Garratt na Afirka ta Kudu, faɗin dogonsa ɗaya da namu.

Kwal ɗin da za ka zuba a bayansa ma yana da labari. Daga Inugu yake zuwa, inda 'yan sanda suka harbe mahaƙa 21 a Iva Valley a watan Nuwamba 1949. Ma'aikatan reluwe kuwa su ne ƙashin bayan babban yajin aikin 1945, da Michael Imoudu a gaba. A watan Oktoba na wannan shekarar aka yi taron 'yan kishin Afirka karo na biyar a zauren Chorlton-on-Medlock, nan All Saints, taku kaɗan daga Oxford Road, su Nkrumah da Kenyatta da Du Bois.

Shimfiɗar ƙasa ba wuya in ka san wurin. Tashar tana wajen ganuwa ne, gabas da birni. Manta da koren ciyawar da ake sayarwa a leda, kakar gyaɗa rani ne: jar ƙasa, karan dawa, bango mai launin hazo. Kuka da rimi da ɗorawa da tsamiya, da waya da auduga ake yinsu. Darbejiya sai a kula, baƙuwa ce daga Indiya, ta shigo ta Barno wajen 1928, don haka babu ita a teburin 1912. Gidan ƙasa mai zankwaye a nesa, rumbunan kwano na kamfanoni a kusa, sikeli, jakuna da mangala, raƙuma. Mutane ne aiki. Babu kamfanin da ke sayar da ɗan mutum mai babbar riga da rawani, sai ka sassaƙa ko ka buga da injin 3D. Kuma in gaskiya kake so, direba da akawu da mai sayar da tikiti yawancinsu 'yan Kudu ne, Ibo da Yarbawa, mazauna Sabon Gari, unguwar da jirgin ne ya haife ta wajen 1913. A wannan tashar aka kashe Ibo da dama a farkon Oktoba 1966, suna neman hanyar gida. Iyayenmu ba su cika son zancen ba. Amma wanda ya zaɓi shekarar teburinsa ya san abin da ya zaɓa ya nuna da abin da ya tsallake.

Mai ƙaramin ɗaki, kamar yawancinmu 'yan haya, ga wata mafita: ƙaramin layin Bauci, wanda ya tashi daga Zariya ya hau tudun Jos don ɗauko kuza. Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, ya kai Bukuru a 1914, aka rufe shi a 1957. Dogon OO9 mai milimita 9 ya yi kusa da shi sosai, kuma ana samunsa a ko'ina.

Sabon layi ne kaɗai ba ya ba da wahala. Na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, duk milimita 1,435 ne, irin na Ingila, don haka dogon kanti ya wadatar. Kawunan jirgin Abuja daga Sin aka kawo su, ƙasar da Hornby ma ta mayar da ƙera nata ƙananan tun ƙarshen shekarun 1990.