Daga Wasiƙar Fursuna Zuwa Saƙon Tes: Tarihin Damfarar Kayan da Suka Maƙale

Asalin damfara da sunan kayan da suka maƙale a hanya ya girmi wayar salula da kusan shekara ɗari biyu. Tun da gidan waya ya ba mutum damar aika magana ga baƙon da bai taɓa gani ba, aka samu masu cin abinci da wannan dama. Zancensu bai sauya ba: akwai abin da ke jiran wanda aka rubuta wa, amma sai ya ba da ɗan kafin alƙalami.

A Faransa, bayan juyin juya halin 1789, fursunoni sun riƙa rubuta abin da aka sani da wasiƙun Ƙudus. Vidocq, tsohon mai laifi da ya koma shugaban 'yan sandan ciki na birnin Paris, ya bayyana yadda ake shirya su. Mai rubutun yakan ce shi baran wani basarake ne da ya gudu, sun ɓoye akwatin zinariya da lu'ulu'u kusa da garin mai karatu, ga shi yanzu yana tsare. In aka aiko masa da 'yan kuɗi zai faɗi wurin a raba. A ƙarshen ƙarni na 19 labarin ya koma na wani attajiri da aka ce yana ɗaure a Sifaniya, wasiƙun suna ƙetare teku zuwa Ingila da Amurka. Ita Amurka tun 1872 ta riga ta mai da zamba ta hanyar gidan waya laifi a dokar tarayya.

Nijeriya ta shiga wannan tarihi a shekarun 1980, lokacin da farashin mai ya faɗi, aiki ya yi wuya. Wasiƙu, sannan fas, daga baya imel, suka riƙa fita da labarin kuɗin kwangila ko gadon da ake neman a fitar waje. Sunan 419 ya fito ne daga sashen dokar laifuffuka da ya hukunta karɓar dukiya ta hanyar yaudara, kuma sashen na kundin da ake aiki da shi a Kudu ne, domin Arewa tana da nata kundin daban tun 1960. Gwamnatin soja ta yi dokar musamman a kan wannan zamba a 1995, aka kafa hukumar EFCC a 2003. A wannan zamani ne akwatin kaya ya zama jigon labari: masoyi na bogi ya aiko da tsaraba daga Turai, kwastan sun riƙe ta a filin jirgi, sai an biya kuɗin fito. In an biya, gobe a ƙirƙiro wani.

Saƙon tes na farko an aika shi ne a Ingila ranar 3 ga Disamba 1992, a kan layin Vodafone. Waɗanda suka tsara fasahar ba su tanadi hanyar tabbatar da wanda ya aiko saƙo ba. Kamfani na iya sa sunansa a maimakon lamba, ɗan damfara ma na iya sa sunan kamfanin, wayar kuma ta jera saƙonsa a ƙarƙashin saƙonnin gaskiya da suka gabata. Wannan giɓi ya daɗe a buɗe kafin a ga girman illarsa.

Annobar korona ce ta fito da shi fili. A 2020 kantuna suka rufe, mutane suka koma sayayya ta intanet, kusan kowane gida yana jiran ƙunshi. A Birtaniya saƙonni da sunan gidan waya na Royal Mail suka yi yawa a 2021, suna cewa kaya sun tsaya saboda ragowar kuɗin aikawa, sau da yawa fam 2.99. Ƙanƙantar kuɗin ita ce gwanintar tarkon, domin ba wanda zai tsaya bincike a kan abin da bai kai kuɗin shayi da burodi ba. Shafin da ake kai mutum kuwa ba fam ukun yake so ba. Sunansa yake so, da adireshi, da ranar haihuwa, da lambobin katin banki. Bayan 'yan kwanaki sai a kira shi da sunan bankinsa, a ce an ga ɓarayi na taɓa asusunsa, a karanto masa bayanan da shi da kansa ya rubuta, a ce ya kwashe kuɗinsa zuwa wani asusu mai tsaro. Can ne asarar take.

Nan ne sabuwar damfarar ta rabu da kakanninta. Wasiƙar fursuna da ta 419 suna neman mai son banza, shi ya sa jama'a kan ce kwaɗayi mabuɗin wahala, su ɗora wa wanda aka cuta rabin laifin. Wanda saƙon ƙunshi ya kama bai yi kwaɗayin komai ba, kayansa da ya biya yake jira. Ɗora masa laifi zalunci ne na biyu, kuma kunyar da hakan ke jawowa tana hana mutane kai rahoto da wuri.

Wani reshen damfarar ya ɓullo a Sifaniya a Disamban 2020: muguwar manhaja mai suna FluBot. Saƙo ne da sunan DHL ko wani kamfanin aika kaya, yana cewa a sauke manhajar bin sawun ƙunshi. Da zarar ta zauna a wayar Android, sai ta kwashi lambobin sirrin banki, ta kuma aika irin saƙon ga lambobin da ta tattara daga wayoyin mutane. Ta bazu a Turai har Ostireliya, kafin 'yan sandan Holan su karya ta a Mayun 2022, a wani aiki na ƙasashe 11 da hukumar Europol ta haɗa. Sana'ar ba ta mutu ba. Hukumar kula da ciniki ta Amurka ta ce a 2024 mutane sun kai ƙarar asarar dala miliyan 470 ta damfarar da ta fara da saƙon tes, kuma na ƙunshin bogi ne ya fi yawa.

Alamomin da aka tattara a tsawon waɗannan shekaru kaɗan ne. Saƙon ba ya ambaton abin da aka saya ko wurin wanda aka saya. Yana sa gaggawa, ya ce za a mayar da kayan cikin kwana ɗaya ko biyu. Adireshin da ya ce a latsa yana kama da na kamfanin, da ƙarin harafi ko baƙon ƙarshe. Wani ma yakan nemi a fara amsawa da harafi ɗaya, saboda iPhone ba ta buɗe adireshin da baƙo ya aiko sai an amsa masa. Gidan wayar Amurka ya bayyana cewa ba ya aika tes sai ga wanda ya nema da lambar bin sawun kayansa, kuma ba ya sa adireshin latsawa a ciki. A Birtaniya da Amurka ana tura irin waɗannan saƙonni zuwa 7726, kamfanonin waya su toshe lambobin. Wanda ya riga ya rubuta lambobin katinsa, sai ya fara kiran bankinsa da lambar da ke jikin katin, a rufe shi.

A Arewacin Nijeriya, inda kaya da yawa ke tafiya ta tashar mota, mai aikowa ne yake ba da lambar direba tun kafin motar ta tashi. Idan wata lamba daban ta kira tana neman kuɗin sauke kaya, ko lambar sirrin da banki ya turo, kiran wanda ya aiko kayan yakan warware zancen cikin minti ɗaya.